Me Ya Sa Wurin Kisa Ya Fi Tsaya Mana A Rai A Fina-finan Yaƙi? Daga Umar Mukhtar Zuwa Mai Shahada Na Haɗeja

 Yau za mu ɗan ajiye labarin sababbin fina-finai a gefe, mu taɓo wata magana mai nauyi.

Ka tambayi duk wanda ya kalli fim ɗin Umar Mukhtar, wato Lion of the Desert, wane wuri ya fi tunawa. Fim ne na kusan awa uku, ga dawakai, ga tankokin yaƙi, ga harbe-harbe a cikin hamada, amma yawanci abin da za a ce maka shi ne wurin rataya. Tsoho ya hau kan katako, an sa masa igiya, tabarau ɗinsa ya faɗi ƙasa, wani ƙaramin yaro ya zo ya ɗauka. Mutane da yawa sun mutu a fim ɗin kafin nan, amma wannan mutuwa guda ɗaya ita ce take bin mutum har gida.

Dalilin ba boyayye ba ne. A fagen daga mutuwa zuwa take yi ba sallama, harsashi ya zo, mutum ya faɗi, kyamara ta wuce kan na gaba. Shi kuwa wanda aka yanke wa hukuncin kisa, ko wanda ya ga rundunar da ta fi ƙarfinsa amma ya ƙi gudu, an ba shi lokaci. Ya san ranar, wani lokacin har sa'ar ya sani. To a cikin wannan ɗan lokacin ne halin mutum na gaskiya yake fitowa fili, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai ma mai kallo an ba ka lokacin da za ka tambayi kanka: da ni ne fa?

In ka lura da kyau, labaran yaƙi suna kawo wannan abu ta hanya uku, kuma kowace hanya muna da misalinta a tarihin ƙasarmu, wasu ma a nan Jigawa.

Na farko: wanda yake da hanyar tsira amma ya tsaya

Babban misalinmu yana Haɗeja. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris na wannan shekarar, Haɗeja ta zauna da su zaman doya da manja. Turawa sun kafa barikinsu a wajen gari, Sarkin Haɗeja Muhammadu kuma yana cikin ganuwarsa yana mulkinsa, kowa yana kallon kowa. A farkon 1906 rikicin Satiru ya tashi a kusa da Sakkwato, hankalin Gwamna Lugga ya tashi, sai ya ƙudurta cewa duk wani wuri da bai gama rusunawa ba sai an rusunar da shi. Aka turo runduna Haɗeja. Suka aika wa Sarki da sharuɗɗa, aka mari manzon, aka koro shi.

Ranar 25 ga Afrilu 1906 sojojin Turawa suka shiga garin. Su suna da igwa da bindiga mai aman harsashi ba ƙaƙƙautawa, mutanen Haɗeja kuwa galibi takobi ne da mashi da kibiya, sai dawakai da lifidi. Aka yi sa'o'i ana gwabzawa unguwa-unguwa har aka dangana da fada. A nan Sarki Muhammadu ya faɗi tare da wasu 'ya'yansa da manyan jarumansa. Shi ya sa har gobe ba a kiransa sai da Mai Shahada.

Abin da ya sa wannan labari yake da ƙarfi shi ne Sarkin bai shiga a makance ba. Shekara uku ke nan da faɗuwar Kano. Labarin Kwatarkwashi ya iso masa, inda Wazirin Kano Ahmadu ya ja dawakai ya afka wa bindigogin Turawa a Fabrairun 1903 ya rasu a wurin, shi ma Mai Shahada ake ce masa. Labarin Burmi ya iso masa, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi ranar 27 ga Yuli 1903 tare da mutum sama da 600. Labarin Satiru ma ko wata biyu bai yi ba. Duk wanda yake fadar Haɗeja a daren 24 ga Afrilu ya san abin da bindigar nan take yi wa doki da mahayinsa.

Ga mai rubuta fim, wannan daren ya fi ranar yaƙin kanta daraja. Domin a zamanin nan shugabannin Musulmi hanya uku ce a gabansu: yaƙi, ko hijira, ko sulhu. Attahiru ya ɗauki hanyar hijira zuwa gabas, aka tare shi a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da ragowar jama'a har Sudan. Wazirin Sakkwato Buhari ya zauna ya yi sulhu, har ya rubuta takarda yana bayyana hujjarsa, cewa in kowa ya tafi ko ya mutu, wa zai tsaya wa talakawan da aka bari? Haɗeja ta zaɓi yaƙi. Kowanne a cikinsu yana da hujjar da mai hankali zai saurara. To ka ɗauko wannan gardama ka zuba ta a zauren fada guda ɗaya, dattijo yana cewa a duba mata da yara, matashi yana cewa mutuwa rigar kowa ce, Sarki yana zaune yana jin kowa, fitila tana ci. Wallahi ko harbi ɗaya ba a yi ba mai kallo ba zai tashi ba.

Na biyu: wanda abokan gaba suka kama

Wannan shi ne gidan Umar Mukhtar. Malamin makarantar allo ne a Libiya, ya yi kusan shekara 20 yana yaƙar sojojin Italiya. Suka kama shi ranar 11 ga Satumba 1931, suka yi masa shari'ar jeka-na-yi-ka a Bangazi ranar 15, washegari 16 ga wata suka rataye shi a Suluk, yana da shekara sama da 70. Mutum kusan 20,000 aka tara, yawancinsu daga sansanonin da aka tsare su, aka tilasta musu kallo. Darakta Mustafa Akkad, wanda ya yi fim ɗin The Message, shi ne ya mayar da labarin fim, Anthony Quinn ya fito a Umar Mukhtar, Oliver Reed kuma ya fito a bos ɗin, Janar Graziani. Fim ɗin ya yi wa hukumomin Italiya zafi har suka hana nuna shi, sai a 2009 aka haska shi a talabijin ɗin ƙasar.

A wannan shekarar dai ta 1931, ranar 23 ga Maris, Turawan Ingila sun rataye Bhagat Singh da abokansa biyu, Rajguru da Sukhdev, a kurkukun Lahor. Shekararsa 23 kacal, sa'an da yawa daga cikinmu. Masu kallon Indiya sun san The Legend of Bhagat Singh na 2002 wanda Ajay Devgn ya ja, A. R. Rahman ya yi kiɗan.

Mu ma muna da namu. A Satiru, ranar 14 ga Fabrairu 1906, talakawa da gatari da fartanya da kibau suka tarwatsa wata rundunar Turawa, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da ramuwa, aka kashe mutum kusan 2,000, aka shafe garin baki ɗaya. Ɗaya daga cikin jagororinsu, wani malami makaho da ake kira Ɗan Makaho, wanda ya tsallako daga yankin da Faransa ke mulki, an kama shi, aka yi masa shari'a a Sakkwato, aka kashe shi a kasuwa a gaban jama'a.

Ka ga kasuwa a Sakkwato, ka ga fili a Suluk. Mai iko ba ya yin irin wannan kisa a ɓoye, saboda saƙo yake aikawa ga masu rai. Tun kafin zuwan Turawa ma sarakunanmu suna da hauni, wanda aikinsa ke nan, zartar da hukuncin kisa. Wato shi kansa wurin kisan tamkar dandamali ne da mai mulki ya shirya, da 'yan kallo da komai, kuma rawar da ya tanadar wa wanda za a kashe ita ce kuka da roƙo. In mutumin ya ƙi taka wannan rawar, ya tsaya cak, to wasan ya juye. Italiya ta tara mutane don su ga ƙarshen Umar Mukhtar, ga shi yau hotonsa ya hau takardar kuɗin Libiya, mu nan Dutse muna maganarsa. Wannan juyewar ita ce masu fim suke farauta.

Wanda ya yi Islamiyya ma ya san wannan siga tun kafin ya san fim. Ku tuna ƙissar Sahabi Khubaib ɗan Adiyyu, Allah ya ƙara masa yarda. An kama shi ta hanyar yaudara, aka sayar da shi a Makka ga waɗanda suke neman fansar jini. Yana tsare, wani ƙaramin yaron gidan ya rarrafo wurinsa alhali akwai aska a hannunsa, uwar ta firgita, amma bai taɓa yaron ba. Da aka fitar da shi Tan'im za a kashe shi, sai ya nemi a bar shi ya yi raka'a biyu, kuma bai tsawaita ba don kada a zaci tsoron mutuwa ne ya sa yake jan lokaci. Duba yadda abu biyu ƙanana, yaro da sallar da aka gajarta, suka gaya maka ko wane ne mutumin.

Na uku: wanda nasa suka kashe

Wannan ya fi ciwo, kuma ya fi wuyar yi, don babu wani baƙo da za a ɗora wa laifi.

Akwai wani tsohon fim baƙi da fari na 1957, Paths of Glory, na Stanley Kubrick, Kirk Douglas ne jarumin. Lokacin Yaƙin Duniya na ɗaya ne. Janar-janar na Faransa suka tura sojojinsu su kama wani tudu da kowa ya san ba zai kamu ba, da abin ya ci tura sai suka ce a zaɓo mutum uku a harbe su da laifin ragwanta, don saura su shiga taitayinsu. Ɗaya ƙuri'a ce ta faɗa kansa. Ɗaya kuma ofisansa ne ya miƙa shi, saboda ya ga wata ɓarna da ofisan ya yi. Akwai wanda aka kawo shi wurin harbi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, bai ma san inda kansa yake ba, aka jingine shi da turke aka harbe. A fim ɗin nan babu wani jawabin jarumtaka, akwai mai kuka sharɓe-sharɓe har gaban bindiga. An gina shi ne a kan abin da ya faru da gaske a 1915, lokacin da Faransa ta harbe kofur-kofur ɗinta huɗu a Souain. Sai a 1975 aka fara nuna fim ɗin a Faransa. Ita ma Ingila a wannan yaƙin ta harbe sojojinta 306 bisa laifuka irin su gudu daga fagen daga, da yawansu ƙwaƙwalwarsu ce ta taɓu saboda rugugin bama-bamai, sai a 2006 aka yi musu afuwa, bayan kusan shekara 90 a kabari.

In ka dawo gida, Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895 irin wannan ne, kuma a ƙofar gidanmu aka yi shi. Lokacin ƙasar Dutse tana cikin masarautar Kano. Da Sarkin Kano Bello ya rasu aka naɗa ɗansa Tukur, sai 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, suka fice daga birni ƙarƙashin Yusufu suka yada zango a Takai. Takai dai da kuka sani, wadda duk mai zuwa Kano daga Dutse ta Kwanar Huguma yake ratsawa. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, Alu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga Kano, Tukur ya fita, aka ci shi a Tafashiya a 1895, ya rasu daga baya kaɗan. Tukur da Alu 'ya'yan wa da ƙane ne, kakansu ɗaya, Sarki Ibrahim Dabo. Mai sara da wanda ake sara alƙiblarsu ɗaya, yarensu ɗaya, wataƙila nono ɗaya ma suka sha. Shi kansa Alun da ya yi nasara, shekara takwas bayan nan Turawa suka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lokoja a 1926.

A zamanin kusa kuma akwai Manjo Emmanuel Ifeajuna. A 1954 ya ciyo wa Najeriya lambar zinare a tsallen sama, hotonsa har a bangon littattafan 'yan makaranta. A ranar 15 ga Janairu 1966 yana cikin jagororin juyin mulkin da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. A Satumbar 1967 kuma, ana tsakiyar yaƙin Biyafara, Ojukwu ya sa aka harbe shi a Inugu tare da Victor Banjo da wasu mutum biyu bisa zargin cin amana. To irin wannan fa? Mutum ne mai jini a hannu, yanzu kuma shi ne a ɗaure a turke. Mai kallo ba zai tafa masa ba, kuma ba lallai ya ji daɗin ganin an harbe shi ba. Labarin da ya bar ka a wannan tsaka-mai-wuyar ya fi wanda ya raba maka duniya gida biyu, jarumi da bos. Fim ɗin '76 na Izu Ojukwu, wanda Ramsey Nouah da Rita Dominic suka ja a 2016, ya taɓo makamancin haka. Bayan kisan Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, an harbe sama da mutum 30 a Legas a watan Maris, Dimka kuma a watan Mayu, fim ɗin sai ya bi ta kan wani soja da aka zarga da matarsa mai tsohon ciki tana jiran ta ji ko sunansa yana ciki.

Yadda daraktoci suke haɗa wurin

In za ka sake kallon ɗaya daga cikin finafinan nan, ga abubuwan da za ka sa wa ido.

Lokaci. Darakta mai wayo yana rage gudun fim in an zo nan. Tafiyar da ba ta fi taku 30 ba sai a nuna maka ita kusan duka, don ka ji nauyin kowane taku.

Ƙaramin abu. Tabarau, carbi, wasiƙa, zobe, takalmin da aka cire aka ajiye a gefe. Zuciyar ɗan Adam ba ta iya ɗaukar mutuwa gaba ɗayanta, amma tana iya ɗaukar tabarau da ya faɗi. Kuma in yaro ne ya ɗauka, an gaya maka gwagwarmayar ta samu magaji ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Fuskar mai kisa. Sau da yawa labarin yana wurin sojan da hannunsa ke rawa, ko ofisan da ya kasa haɗa ido da wanda zai kashe. A Lion of the Desert akwai ofisoshin Italiya da aka nuna abin yana damunsu, kuma hakan ya ƙara wa fim ɗin gaskiya.

Jama'a. Su ne madubin mai kallo. Yadda suka yi, shiru ne ko kuka ko guɗa, shi yake gaya maka ko mai iko ya ci riba ko ya faɗi.

Kawar da kyamara. Manyan daraktoci ba sa tsayawa a kan jini. Sai a nuna maka igiya ta miƙe, ko tsuntsaye sun tashi, ko fuskar uwa. Abin da zuciyarka za ta ƙarasa da kanta ya fi duk wani jan fenti da za a watsa a riga.

Ina mawaƙa?

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ba a tunkarar mutuwa da baki a rufe. Aikin kirari ke nan, da tambari, da zugar maroƙa a gaban mayaƙa: a tuna wa mutum ubansa da kakansa har ya ji kunyar juyawa ta fi masa mutuwa zafi. Ka saurari waƙar Shago ta Ɗan Anace, dambe ake magana amma rabin waƙar zancen lahira ne da kabari, kamar mutum yana wasa da mutuwa don ya rage mata kwarjini. Malam Sa'adu Zungur ya yi Maraba da Soja ga sojojinmu da suka dawo daga Yaƙin Duniya na biyu, waɗanda suka je har Boma. Lokacin yaƙin basasar Najeriya Alhaji Aƙilu Aliyu ya yi wa soja waƙa, Shata ma ya yi.

Amma ku lura, duk waɗannan na kafin a fita ne ko bayan an dawo. A daidai lokacin kisan, kowace al'ada da yadda take yi. Indiyawa waƙa suke sa wa, jaruman su tafi wurin igiya suna rerawa, kuma ya dace da su. Kubrick ganga kawai ya sa, tana bugawa a hankali har aka yi harbin. Akkad ya bar guɗar matan Libiya ta yi magana. Mu kuwa mun saba da zarar an mutu a fim sai a saki sautin fiyano mai ban tausayi, a bi da ihu da birgima na minti biyar. Alhali a zahiri Bahaushe in mutuwa ta zo, salati ake yi da kalmar shahada, maza su yi shiru su sunkuyar da kai. Mai haɗa sautin da zai yi ƙarfin halin kashe fiyanon, ya bar mu da iska da haniniyar doki daga nesa da muryar dattijo ɗaya yana salati, shi ne zai sa gidan kallo ya yi tsit.

Inda haɗarin yake

Dole a faɗi wannan, don mu ba a zamanin zaman lafiya muke kallon finafinan nan ba. Shekara da shekaru Arewa tana fama da 'yan ta'adda da 'yan bindiga, kuma su ma sun gane sirrin da Graziani ya gane: kisan da ba a gani ba bai cika aikinsa ba. Shi ya sa suke ɗaukar bidiyo. Da can sai an tara mutane a fili da bakin bindiga, yanzu kuwa mu ne muke tara musu jama'a kyauta, da datarmu, duk lokacin da muka tura irin wannan bidiyo a WhatsApp ko Facebook. Wanda ke cikin bidiyon nan ba ɗan wasa ba ne da zai tashi ya karkaɗe riga in an ce a yanke. Yana da uwa, yana da 'ya'ya, kuma wata rana bidiyon zai iya faɗowa wayarsu. In ya zo maka, ka goge shi, kada ka zama ɗan aiken makasa.

Haɗari na biyu yana kan masu shirya fim. Labarin da ya sa mutuwa ta yi kyau fiye da kima, aka yi mata ado da kiɗa da haske, aka ɓoye marayun da ta bari, zai iya zama tarko ga yaro ɗan shekara 16 wanda ba shi da aikin yi kuma yana neman abin da zai sa a san da shi. Da irin wannan zaƙin bakin aka ja yara da yawa daji, aka ara musu kalmar shahada aka yafa wa kisan bayin Allah a kasuwa da masallaci. Sarki Muhammadu yana cikin garinsa aka zo aka same shi, sojoji masu makami ya fuskanta. Umar Mukhtar a fim ɗin nan an nuna shi yana hana mutanensa kashe fursunonin Italiya. Khubaib ga aska ga ɗan maƙiyinsa, ya sake shi. Addini ya hana kashe mata da yara da wulaƙanta gawa a yaƙi, dokokin yaƙi na duniya da aka sa wa hannu a 1949 su ma sun hana kashe fursuna haka kawai. Duk fim ɗin da zai ɗauko wannan jigo, wajibi ne ya fito da wannan iyaka ƙarara, kuma ya nuna washegari: wa ya haƙa kaburbura, wa ya ciyar da matan da aka bari, yaya gari ya kwana.

Abin da ya rage gare mu

Kullum in aka yi zancen fim ɗin tarihi sai a ce kuɗi. Gaskiya ne, dawakai 200 da kayan sojan Turawa da ganuwa ba ƙaramin jari ba ne, fim irin Amina da ya fito a Netflix a 2021 ya nuna irin ɗawainiyar da ke ciki. Faransawa da mutanen Nijar ma sai da Med Hondo ya haɗa ƙarfi da ƙasar Burkina Faso kafin ya iya yin Sarraounia a 1986, labarin sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Amma duk abin da muka lissafa a sama, mafi ƙarfinsa a ɗaki ɗaya yake faruwa: zauren fada, ɗakin kurkuku, tsakar gidan da mace take jiran labari. Wannan rubutu yake buƙata da bincike da 'yan wasan da suka iya yin shiru a gaban kyamara.

Sauran kayan kuwa Allah ya hore mana. Ga duwatsun Dutse da gonakin dabino, ga tsohuwar unguwar Garu, ga dawakai da lifidi da 'yan sulke da muke gani duk hawan sallah. Ga dattawa a Haɗeja da Takai da Birnin Kudu waɗanda suka ji labarin Turawa da Basasa da harin Ningawa daga bakin kakanninsu, kuma kullum raguwa suke yi. Mai sha'awar rubuta labari, ka ɗauki wayarka ka je ka zauna da su tun suna nan, ka nemi izini ka naɗi muryarsu. In za a taɓa tarihin wata masarauta kuma, a fara zuwa fada a yi sallama a nemi shawara, don zuriyar mutanen nan suna raye, kuma sunan kakanninsu ne za a sa a bakin ɗan wasa.

To 'yan'uwa, ku a cikin finafinan da kuka kalla, na Hausa ne ko fassarar Indiya ko na Turkiyya, wane wurin mutuwa ne ya fi tsaya muku a rai? Kuma in an ce yau za a yi fim ɗin Mai Shahada, wane jarumi kuke ganin zai iya ɗaukar rawanin? Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu cika da imani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.